Jan Biro da Baƙin Burodi

Ranar da Ritvars ya fara ganin Lelde, da garin burodi a girarsa ya gan ta. Ya baro gidan burodinsa a gurguje, ya haura benen ɗakin karatu na garin Kuldiga, ya tura ƙofar da aka rubuta ajin Turanci a jikinta, sai ya yi turus. Tsofaffin mata tara ne a zaune, kowacce da tabarau da littafin rubutu, biyu ma da saƙa a cinya. A gaban allo kuwa wata budurwa ce mai gajeren gashi, riƙe da alli kamar mai shirin jifan wani.

"Ajin Turanci kuke nema?" ta tambaye shi.

Mu nan ba ma ce wa wanda ba mu saba da shi ba "kai" ko "ke", sai dai "ku", ko da rana ɗaya aka haife mu. Ritvars ya gyaɗa kai.

"Ɗan gidan burodi ne," in ji Goggo Mirdza, wadda ba a taɓa yin magana a garin nan ba da bakinta a ciki ba. "Zo nan kusa da ni, ɗan nan, ka ƙara mana ƙamshi."

Ajin na kakanni ne. Kowaccensu tana da jikoki a Ireland ko Ingila, yaran da in an kira su ta waya sai dai su yi murmushi su gudu, don ba sa jin harshen Latviya. Lelde mai fassara ce, tana haɗa wani ɗan littafi na kalmomin Turanci na yau da kullum da ma'anarsu a harshenmu, kuma a kan waɗannan tsofaffin take gwada shi duk ranar Laraba da yamma. Shi ma Ritvars ciwonsa ɗaya da nasu. Yayarsa Inta tana Ireland da tagwayen 'ya'yanta mata, kuma duk hirarsa da su ba ta wuce ya ɗaga musu burodi a gaban waya ba.

"Yau za mu shiga wurin da ya fi wahala," in ji Lelde. "Turawan Ingila suna da wata mugunta. Sai su ɗauki kalma, su liƙa mata 'yar wutsiya, ma'anar ta canza gaba ɗaya. *Look* shi ne duba. *After* shi ne bayan. To, *look after* fa?"

Ba wanda ya fi Ritvars mamaki da ya ji muryarsa ta fito. "Duba bayan mutum."

Tsofaffi suka kwashe da dariya. Goggo Mirdza ta ce ai shekara hamsin marigayi mijinta ya yi yana wannan Turancin a bakin kasuwa.

"Kula da mutum ake nufi," in ji Lelde, tana danne tata dariyar. "Ku riƙe wannan doka, da ita za mu rayu a ajin nan. Kada ku bi su kalma da kalma."

Ritvars ya rubuta dokar, har ya ja mata layi biyu. Amma gaskiyar magana ita ce ba dokar yake kallo ba.

Aikin gida jimla goma ne, a mayar da su harshen Latviya. Tara ba su ba shi wahala sosai ba. Ta bakwai ce ta tsaya masa a wuya: *Will you go out with me?* Ya kwana biyu yana juya ta a ransa yana murza ƙullu. *Go out* dai fita ne. Kuma da gani magana ce tsakanin namiji da mace. To, a harshenmu in mace za ta yi aure, cewa muke ta fita zuwa wurin miji. Sai ya yanke hukuncin cewa Turawa ne suka ɗan kuskure, ya gyara musu, ya rubuta: *Vai tu iziesi pie manis?*

Ranar Laraba Lelde ta ce kowa ya karanta jimla ɗaya. Ƙaddara ta sa ta bakwai ta faɗo kansa. Ya miƙe tsaye, ya dube ta ido cikin ido don ya ga malamai suna son haka, ya karanta da ƙarfi.

Saƙar wata tsohuwa ta faɗi ƙasa. Ɗan gidan burodi, wanda ba ya iya haɗa ido da mai sayen burodi, ya tambayi malama ko za ta aure shi, a gaban shaidu tara, kuma da "ke" ya kira ta.

"Sati ɗaya kacal!" in ji Goggo Mirdza. "Kai, 'yan zamani ba sa ɓata lokaci."

Fuskar Lelde ta yi ja har kunne. Ta karɓi takardar, ta zaro jan biro, ta rubuta "kuskure" a gefen lamba ta bakwai.

"Ba aure ba ne," ta ce, ba ta ɗago kai ba. "In Bature ya faɗi haka, yana nufin a fara ganin juna ne kawai. A sha shayi, a ɗan zaga gari."

Ritvars ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Amma da yake abin ya riga ya lalace, sai wani ƙarfin hali da bai san yana da shi ba ya taso masa.

"Ku yi haƙuri, Malama. A cire auren." Ya nuna takardar da ke hannunta. "Shayin fa? Za a iya barin sa?"

An bar shayin.

Daga shayi aka koma tafiya a bakin kogin Venta ranar Lahadi, shi yana yin shiru, ita tana cika wurin da magana, kowa kuma ya gamsu da rabonsa. A tafiya ta uku ta ce tunda ya riga ya ce mata "ke" a gaban jama'a, ba sai sun ci gaba da wahalar da "ku" ba. Ita ta raɗa masa Kalma-da-kalma. Shi kuma ya ƙanƙanta sunanta yadda muke yi wa wanda muke so, ya koma kiran ta Leldina.

Kullum da safe sai ya aika mata saƙo da sabuwar kalmar da ya koya.

"Leldina, yau na *wake up* da wuri. Amma me ya kawo sama a maganar? Ni dai a kan gado na farka."

"Kalma-da-kalmana, bar Turawa da samansu. Ka ajiye min gefen burodi, wanda ya fi ƙonewa."

"Na ajiye. Na ga akwai *eat up* da *drink up* da *hurry up*. Mutanen nan komai nasu a sama yake."

"Wani lokaci ado ne kawai. Wani lokaci kuma ba ado ba ne. Za mu zo wurin."

Kaico, da sun zo wurin da wuri.

Labarin lamba ta bakwai bai kwana ba sai da ya zaga Kuldiga, ya kuma isa kunnen mahaifin Lelde, Malam Visvaldis. Shekara arba'in ya yi yana koyar da harshen Latviya kafin ya yi ritaya, kuma har yau jan bironsa yana aljihun rigarsa. Ya gyara takardar abinci a gidajen shayi, ya gyara sanarwar mutuwa a jikin allon coci, ya taɓa tsayawa a gaban gidan burodin Ritvars ya ƙara wani ɗan layi da aka manta a kan harafi. Rabin garin ɗalibansa ne, kuma dukanmu har yau in mun hango shi sai mun gyara maganarmu. Matarsa ta rasu, ɗansa Gatis ya tafi Ireland bai dawo ba, Lelde kaɗai ta rage masa.

Ritvars ya je gaishe shi da burodi mai zafi da furanni uku. Malam ya karɓi burodin da hannu biyu, don ko maƙiyi ne ya kawo burodi ba a wulaƙanta shi, sannan ya nuna masa kujera.

"Ritvars. Aji na tara, kujerar baya, kusa da taga. Ba ka taɓa sanin inda ake sa waƙafi ba."

"Haka ne, Malam."

"An ce kana koyon Turanci."

"Eh, Malam, saboda..."

"Na san saboda me. Duk wanda na ga ya fara koyon Turanci a garin nan, bayan wata shida sai na ga akwatinsa a tashar bas. Ɗana ma da haka ya fara. Yanzu ina da jikoki biyu da ba su san yadda ake ce min kaka ba."

"Baba, ka bar shi ya yi magana mana," in ji Lelde daga bakin ƙofar kicin.

"Ai yana yi. Ka sha shayinka kafin ya huce."

Ritvars ya jiƙe da gumi. Yana da amsa, amsa mai kyau ma, amma Malam ya kafe shi da ido irin na aji na tara, sai duk kalmomin harshen uwarsa suka watse suka bar shi. Guda ɗaya ce ta tsaya, ita ma baƙuwa.

"Oke," in ji shi.

Malam ya ajiye kofinsa a hankali.

"A cikin gidana," ya ce. "A kan kujerar matata. An ce oke."

Bai ɗaga murya ba, mu ba ma yin haka. Ya raka shi har ƙofa, ya gode masa da burodi, ya ce 'ya ɗaya ta rage masa kuma ba zai ba wa mai shirin tafiya ita ba. Ritvars ya koma gida zuciyarsa a dagule, yana maimaita amsar da ya kamata ya bayar, tsaf da waƙafinta.

Ana cikin haka wani saurayi ɗan garin nan, Normunds, ya dawo daga Manchester da mota mai sitiyari a ɓangaren da ba daidai ba. A bakin titi Norman yake ce wa kansa, kuma a kalma uku ɗaya ta Turanci ce. Amma da zarar ya taka gidan Malam sai ya rikiɗa, ya riƙa zuba harshen Latviya irin na tsofaffin littattafai, har da kalmomin da kakanninmu ma sun daina faɗa. Malam ya ce ga yaron kirki, wanda ya je ya gani ya dawo gida. Kullum akwai masa shayi.

Kishi ya hana Ritvars sakat. Burodin da ya gasa a makon nan har gishiri ya yi masa yawa. Sai ga saƙon Lelde, da Turanci, don ta ce ya riƙa gwada karatu:

"*Normunds asked me out. I turned him down.*"

Ya ɗauko ƙamus. Normunds ya tambaye ni waje. Na juya shi ƙasa. Ya sake karantawa, sai wani alfahari ya cika masa ƙirji.

"Leldina, ban san kina kokawa ba. Ƙato kamar Normunds! Ya ji ciwo?"

"Wayyo cikina! Cewa na yi ya nemi mu fara ganin juna, na ce a'a. Sau nawa zan faɗa maka dokar?"

"Na fi son tawa fassarar."

"Ni ma. Ka ƙara haƙuri da Baba, zai sauko."

Malam bai sauko ba. Har aka yi girbi, sabon gari ya iso gidan burodi, yana nan a kan bakansa.

A gidan su Ritvars akwai wata al'ada tasu ta kansu. Burodin farko na sabon gari ba a sa masa wuƙa. In akwai saurayi a gidan da ya tsai da zuciyarsa, shi ake ba wa, ya kira yarinyar su karya shi da hannu, ya riƙe gefe ta riƙe gefe. Haka kakansa ya yi, haka mahaifinsa. Ritvars ya gaya wa mahaifiyarsa cewa bana shi zai karɓa, ta rungume shi ta shafa masa gari a baya. Ya yanke shawarar cewa in Lelde ta yarda, zai koma wurin Malam ko da sau goma ne.

Saura gayyata. Kuma a nan ne shaiɗan ya raɗa masa ya burge ta da Turanci.

Karya dai *break* ne, ƙamus ya tabbatar. Amma kalmar ta yi masa tsirara. Wata biyar yana aji, ya gane cewa Bature ba ya barin kalma haka nan ba wutsiya, kuma wutsiyar da suka fi so ita ce sama. Bai ambaci burodi ba don kada ya ɓata mamakin. Ya rubuta, ya duba sau uku, ya aika ranar Talata da hantsi:

"*Leldina, I want to break up with you. Saturday, 4 o'clock, in the bakery. I think about it long time. My mother agrees.*"

A ransa ya ce mata yana so su karya tare ranar Asabar ƙarfe huɗu, ya daɗe yana tunanin haka, mahaifiyarsa ma ta amince. Ya zauna yana jiran yabo.

Amsar ba ta zo ba sai bayan awa biyu, kuma da harshen Latviya.

"Na gane. Ba sai kun jira Asabar ba. Ku gaida mahaifiyarku. Na gode da komai."

Kun. Ku. Ta mayar da shi "ku".

Ya kira, ba ta ɗauka ba. Ya sake kira, wayar a kashe. Ranar Laraba ya je aji, ya tarar da takarda a ƙofa cewa malama ba ta jin daɗi. Abin da ya fahimta shi ne ta gane nufinsa sarai, ta auna shi da mahaifinta, ta zaɓi mahaifinta. Da wani saurayin ne, da ya je ya buga ƙofa ya nemi bayani. Ritvars ɗan garin nan ne, sai ya koma gida ya ci gaba da murza ƙullu da baƙin ciki.

Ranar Juma'a Goggo Mirdza ta shigo sayen burodi, ta dube shi sama da ƙasa.

"Me ka yi wa yarinyar nan?"

"Ni? Ita ce ta ƙi ni, Goggo."

"Uhm. To motar nan mai sitiyarin hagu-dama tana ƙofar gidansu tun jiya. An ce ya samo mata aiki a Manchester, kuma ba ta ce a'a ba. Ka ci gaba da tsayuwa nan kamar buhun gari."

Ranar Asabar ya gasa burodin duk da haka, don sabon gari ba ruwansa da zuciyar mutum. Ya fito baƙi, mai sheƙi, mai nauyi kamar jariri. Kafin ƙarfe huɗu ya rufe shago, ya ajiye shi a kan tebur, ya zauna yana kallon sa. Bai taɓa jin kaɗaici irin na ranar ba.

Ƙarfe huɗu daidai aka ƙwanƙwasa ƙofa. Malam Visvaldis ne, da wani ƙaton ƙamus a hammata. A bayansa ga Lelde, idanu a kumbure, tana kallon ko'ina ban da Ritvars.

"Zauna," in ji Malam, duk da a shagon Ritvars ake. Ya ajiye ƙamus kusa da burodi, ya sa tabarau. "Kwana huɗu 'yata tana kuka. Jiya na ji ta da kunnena tana gaya wa Normunds za ta yi tunani a kan Manchester. Manchester! Ina nan ina gadin ka, ashe wanda nake dafa wa shayi ne da tikiti biyu a aljihu. Na ce ta nuna min abin da ka rubuta."

"Baba, don Allah mu tafi. Ya riga ya faɗi abin da zai faɗa."

"Ke kin san Turanci, ni na san ɗalibi. Shekara arba'in ina karanta abin da yara suka rubuta ina gano abin da suke nufi." Ya buɗe ƙamus inda ya sa alama. "*Break*, karya. *Up*, sama. *With you*, tare da ke. Ni ban ga rabuwa a nan ba."

"Rabuwa?" in ji Ritvars.

"Ba haka ake fassara ba, Baba," in ji Lelde. "Ba a bin su kalma da..."

Ta tsaya. Idonta ya sauka a kan burodin, ba wuƙa a kusa da shi.

"Na tambaye ta," in ji Malam, "mai burodi in ya ce zai karya abu tare da ke a gidan burodi, me zai karya? Ƙafa?"

"Wace rabuwa?" Ritvars ya sake tambaya.

Lelde ta dube shi a karon farko. "*Break up* shi ne a rabu, Ritvars. Ka rubuto min kana so mu rabu. Ka daɗe kana tunani. Mahaifiyarka ma ta amince."

Ya fara bayani a birkice, kakansa, sabon gari, gefe da gefe, ba a sa wuƙa, yana nuna burodin da hannu biyu kamar shi zai ba da shaida.

"To saman nan fa?" in ji Malam, yana nuna wayar da bakin biro. "Ita kaɗai ce ban gane ba. Me ya kawo ta?"

"Don ado na sa, Malam."

Lelde ta fashe da dariya da kuka a haɗe, ta zauna a kan buhun gari ta rufe fuska. "Ni da na raɗa maka Kalma-da-kalma," ta ce. "Rana ɗaya tak da ya kamata in karanta ka kalma da kalma, sai na karanta ka kamar Bature. Na zaci Baba ya gajiyar da kai."

"Ni kuma na zaci kin zaɓe shi."

"Ina nan fa," in ji Malam. Ya rufe ƙamus. "Ritvars, ranar nan na yi maka tambaya ban bar ka ka amsa ba. Me ya sa kake koyon Turanci? A hankali. Ba oke."

Ritvars ya tashi ya buɗe ƙofar ciki, ya nuna masa wani tsohon akushin katako a rufe da ƙyalle.

"Tsamin ƙullun kakata ne, Malam, shi ke kumbura mana burodi. Ya girme ni. Kullum sai an ba shi gari, in na yi kwana uku ba na nan zai mutu. Ko a birnin Riga ba na kwana. Ina za ni?" Ya goge hannu a jikin rigarsa. "'Ya'yan Inta ne. Shekarunsu shida, kuma ban taɓa ce musu komai ba sai *hello*. Ina so ranar da suka zo in tambaye su me suka ci, wa ya dame su a makaranta. In sun saba da ni, sai in koya musu namu."

Malam ya daɗe yana kallon akushin. Ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya sake cirewa.

"Ajin nan naku," ya ce da Lelde, bai dube ta ba. "Mata kawai ake ɗauka?"

"Akwai kujera kusa da Goggo Mirdza, Baba."

"Allah ya kiyaye. Zan zo da tawa." Ya juya ga Ritvars. "In kana da magana da 'yata, ka yi ta da harshen uwarka, a gabana, ba kuskure ko ɗaya."

Ritvars ya san in ya ce zai ƙirƙiro jimla yanzu, ya mutu. Sai ya jawo aljihun tebur, ya ɗauko wata takarda da ta sha ninki, duk gefenta gari. Aikin gidansa na farko ne. Ya miƙe tsaye kamar ranar, ya dube ta ido cikin ido, ya karanta lamba ta bakwai.

"*Vai tu iziesi pie manis?*"

Malam ya miƙa hannu ya karɓi takardar. Ya bi jimlar harafi da harafi. Sannan ya zaro jan biro, ya soke "kuskure" ɗin da 'yarsa ta rubuta wata biyar da suka wuce, ya rubuta "daidai" a ƙasansa, ya sa hannu.

"Amsa fa?" ya ce. "Cikakkiya."

"*Iziešu*," in ji Lelde. "Zan fita, Kalma-da-kalmana. Ba sama, ba ƙasa, wurinka."

Ya riƙe gefe ta riƙe gefe, suka karya burodin. Gefen da ya fi ƙonewa nata ne. Malam ya karɓi tsakiya, ya ce gishirin ya yi daidai.

Normunds ya koma Manchester da tikiti ɗaya. An ɗaura auren a farkon bazara mai zuwa. Inta ta zo da tagwayenta, Gatis ma ya zo da nasa biyun. Malam, wanda ya yi wata tara a aji yana gardama da kowace wutsiya, ya durƙusa a gaban jikokinsa ya ce musu da Turanci ya yi kewarsu, ya kuma gaya musu yadda ake cewa kaka, suka maimaita har sau uku. Wanda ya ce bai ga hawaye a idonsa ba, tsoron jan biro ne ya sa shi.

Daga coci aka nufi gada, don a al'adarmu dole ango ya ɗauki amarya ya haye da ita. Gadar Kuldiga kuwa ba ta wasa ba ce, wanda ya gina ta bai yi tunanin angwaye ba. Kakanni tara suka jeru a baya suna kirari, Goggo Mirdza na ihu cewa buhun gari ya fi wannan nauyi. A tsakiyar gadar ƙarfin Ritvars ya fara ƙarewa, numfashinsa na fita da ƙyar.

Lelde ta saƙalo wuyansa ta raɗa masa, "Kada ka *give up*, mijina."

"Ban san ma'anar wannan ba," in ji shi yana haki, "kuma kada ki koya min."

Ya gyara mata zama a hannunsa, ya kai ta har ƙarshe.

Malam Visvaldis yana can yana jiran su, aljihun rigarsa ba biro, fure ne a wurin. Ya ɗora hannu ɗaya a kanta, ɗaya a kansa, ya ce Allah ya sa kada burodi ya yanke a gidansu, Allah ya ba su 'ya'ya masu jin harshe biyu, kuma duk ranar da ɗaya ya faɗi magana ba daidai ba, Allah ya ba ɗayan haƙurin tambayar me yake nufi. Muka ce amin, kowa da harshen da ya zo bakinsa.